Gaisuwar Sallah daga Landan, zuwa ga Hajiya da mutan gida

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaishe ku ke da Baba da Yaya da Auta da duk yaran gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Ni lafiya ta ƙalau, mun yi idi da safe, masallacin ya cika sai da aka yi sallar kashi-kashi, ana sallamewa kowa ya ruga neman jirgin ƙasa don a nan ba a ba da hutun Sallah, ni ma sai da na roƙi manajanmu ya canza min ranar aiki.

Da yamma muka haɗu a ɗakin wani ɗan Zariya da ke Southall, unguwar Indiyawa ce, har allon tashar jirginsu da rubutun Punjabi. Matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ba kamar taki ba Hajiya amma an ci an gode Allah. Muna gamawa yaran suka ce a sa fim, uban ya kunna Kabhi Khushi Kabhie Gham, wanda Yaya ta dinga aro mana a shagon haya har faifan ya fara tsalle. Fim ɗin 2001 ne fa, ya fi awa uku, amma wallahi ba wanda ya tashi, har yaran da aka haifa a nan da ba su jin Indiyanci ba su jin Hausa sosai suna ta tsalle suna kwaikwayon rawar.

Da muna yara rawar da waƙar muke jira, in an zo wajen surutu Auta ya danna gaba. Yanzu kuwa surutun ne ya kama ni. Uba ya kori ɗansa saboda ya auri 'yar talakawa, ɗan ya kwaso matarsa ya dawo Landan ɗin nan da nake zaune, uwar tana gida shekara da shekaru ba ta iya musa wa mijinta ba kuma ba ta daina jiran ɗanta ba, ƙanin ne ya biyo sawu ya zo neman yayansa. Wajen da uwar take riƙe da faranti ta ji a jikinta ɗanta ya iso tun kafin ya shigo ƙofa, na ce zan je in wanke hannu na fita. Ni dai ba korata aka yi ba, da albarkarku na taho, amma duk wanda ya yi Sallah a ƙasar mutane ya san abin da nake nufi.

Mai gidan cewa ya yi ai shi ya sa finafinan nan ba sa tsufa, kaka da jika za su zauna tabarma ɗaya su kalla ba wanda zai sunkuyar da kai. Na yarda da shi amma ina ganin ya wuce nan. Rigimar da ke ciki tamu ce, auren dole, surukai, bashi, ɗa mai biyayya da ɗa mai taurin kai, ga kunya tsakanin babba da yaro, abin da bakin mutum ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba sai a sa shi a waƙa. Baba ai kai ka ba mu labarin yadda kuke zuwa silima a Plaza da Orion, tun zamanin da 'yan Labanan suke shigo da finafinan, kuma kullum Mother India kake kawowa, na 1957, matar da ta yi noma da hannunta ta raini 'ya'yanta cikin bashin mai ba da rance da ruwa, ƙarshe ta harbe ɗanta na cikinta don ya sace 'yar mutane. Har 'yan bandiri ma sun ɗauki karin waƙoƙin suna yin bege da su, na Kannywood kuwa ba sai an faɗa ba.

Akwai wani dattijo Ba'indiye a wajen aikinmu, ranar ya ji ina rera wata tsohuwar waƙar Lata Mangeshkar ina ɗaukar kwali, ya tsaya baki buɗe wai a ina na koya. Na ce a Kano, a bakin mahaifiyata tana tankaɗe. Tun daga ranar yake ajiye min shayi mai citta. Shi ya ce min akwai silima a Mumbai, Maratha Mandir, da take nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge tun 1995 har yau ana zuwa.

Auta, fassarar Hausar nan da kake turo min tana ba ni dariya sosai amma don Allah ka daina turo waɗanda aka yanke waƙoƙin, kuma ka ɗaukar min bidiyon Hawan Daushe, ka tsaya inda za a ga dawakai ba ƙeyar mutane ba kamar bara. Na tura saƙo ta asusun Yaya, a ba yara goron Sallah, a kai wa Gwaggo nata, sauran Hajiya ki riƙe na magani. In an samu mai tahowa a ba shi dambun nama da yaji. A gaida Kawu da makwabta, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.