Kamashon da muka yi wa gumi ba alfarma ba ne

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi kuka a kan wani zalunci da ya zama ruwan dare a Kano, wato cinye kamashon masu tallan kayan kamfani da zarar sun bar aiki.

Ni ma abin ya faɗa kaina. Na yi wa wani kamfanin sabulu aiki, ina zaga kasuwannin Singa da Sabon Gari. Albashin bai taka kara ya karya ba, kamashon ne abin dogaro. Ni na san Alhajin da sai ka zauna masa a benci ya gama sallamar masu dako kafin ya karɓi kwali hamsin, kuma ni ke komawa bin bashin cikin rana tsaka, tsakanin tireloli da 'yan baro. Da na ajiye aiki sai manaja ya ce wai kamasho na wanda ke bakin aiki ne. To kayan an sayar, kuɗin sun shiga asusunsu, rasit kuma na hannuna. Wane ne ya sayar?

Da yawanmu da baki aka yi mana alkawari. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, amma dokar ta cire wakilan talla masu aiki a wajen harabar kamfani daga lissafinta. Wannan giɓi ya kamata 'yan majalisarmu su toshe.

Duk da haka alkawari yana nan. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ɗora shari'ar haƙƙin aiki a kan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a nan Kano. 'Yan'uwana, ku adana rasit, da saƙonnin WhatsApp na manaja, da alat ɗin banki na kamashon da aka taɓa biyanku, don shi ne shaidar cewa an saba biya. Ku rubuta takardar neman haƙƙi, a sa hannu a kwafinku. A gwada sulhu ta hannun shugabannin kasuwa ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, in ya ƙi a nemi lauya, kada a bari lokaci ya ja. Ni takardata tana wurin kamfanin, kuma ba zan bari ba.

Edita, don Allah ka tura wakilinka Singa ya ji ta bakin matasan nan. Wasunsu har kuɗin haya suka ranta da sa ran wannan kamashon.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano