Ku Janye Maganar Cewa Ruwan Londji Ba Ya Cin Mutum

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na yawon buɗe ido na ranar Asabar da ta gabata, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai da abin da wakilinku ya faɗa game da gaɓar tekun Londji, kusa da garin Kribi a Kamaru. Da kunnena na ji shi yana gaya wa masu sauraro cewa tun da wurin a lungu yake, ruwansa a kwance yake kamar na tafki, ko wanda bai iya iyo ba zai shiga hankali kwance, iyaye ma suna iya barin yara a bakin ruwa su tafi cin gasasshen kifi. Bai faɗa sau ɗaya ya wuce ba, ya sake maimaitawa a ƙarshen rahoton yana dariya, kuma babu wanda ya gyara masa daga cikin waɗanda ke ɗakin watsa shirin. Wannan magana tana iya zama sanadin ajalin wani, saboda haka nake roƙonku da ku janye ta a fili, a cikin shirin da aka faɗe ta.

Ni mutumin Garwa ne, kasuwanci ya kawo ni Kribi tun kafin a fara gina sabuwar tashar jiragen ruwa, a nan na yi aure, a nan 'ya'yana suka tashi. Ba ƙin garin nake yi ba, kuma ba na so kowa ya fasa zuwa saboda wasiƙata. Duk yabon da wakilinku ya yi wa Londji gaskiya ne. Ƙauyen masunta ne da ke wajen kilomita 15 arewa da gari, a kan hanyar Edeya, inda ƙasa ta lanƙwasa kamar lauje ta rungume ruwan, shi ya sa igiyar teku kan iso gaɓa ƙarfinta ya ragu. Rairayin wurin mai laushi ne, itatuwan kwakwa suna ba da inuwa, kuma idan ka zo da hantsi lokacin da kwale-kwale ke dawowa daga kamun kifi za ka sayi kifi da jatan lande yanzu aka fito da su, a gasa maka a gabanka. Ni kaina nakan kai iyalina can, kuma duk baƙon da ya sauka a gidana daga arewa sai na kai shi, sannan mu gangara kudu ya ga inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atlantika, mu biyo ta hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906. Duk waɗannan abubuwan a gani ne. Kalma ɗaya ce ta ɓata rahoton, amma ita ce wadda mai sauraro zai riƙe ya zo da ita bakin ruwa.

Malam Edita, teku ba tafki ba ne, ko da a lungu yake. Mutumin Garwa ya san tafkin Lagdo, ya san cewa inda ya bar bakin ruwa da safe a nan zai tarar da shi da yamma. Shi kuwa teku sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya, wato bayan kamar kowane awa shida yana sauya hali. Wurin da yaro ya tsaya ruwa iya gwiwarsa da azahar, kafin la'asar yana iya shanye kansa, kuma tudun rairayin da mutane suka taka da ƙafa suka hau yana iya zama tsibiri, ruwa mai zurfi ya raba su da gaɓa ba su ankara ba. Wannan cika da janyewa wata ne ke jan ragamarsu, kuma sun fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Ka duba da kyau ka ga abin da wannan yake nufi a wurinmu: ƙaramar Sallah ran ɗaya ga Shawwal take faɗuwa, daidai lokacin da teku ya fi cika ya fi ja, kuma a ranakun ne matasanmu suke ɗunguma zuwa bakin ruwa yawon Sallah, cikin sababbin kaya, kowa na so a ɗauke shi hoto a cikin ruwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari, wanda masunta suka sani sarai amma baƙo ba ya ganinsa. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, kuma yakan nemi wata 'yar hanya tsakanin tudun rairayi ko gefen duwatsu ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku. Idan ka tsaya a gaɓa ka duba, wannan hanyar ita ce ta fi kama da wurin lafiya, domin igiya ba ta fashewa a kanta, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan fi duhu kuma yana kwance. Nan mai tsoron igiya yake zaɓa ya shiga, nan uwa take nuna wa ɗanta ya yi wasa. Saboda haka lokacin da wakilinku ya ce a nemi inda ruwa ya kwanta, ba tare da wani ƙarin bayani ba, inda ya kamata a guje wa ya nuna wa mutane. Haka abin yake a bakin kogin Kienke da ya ratsa tsakiyar gari, da duk inda wata ƙorama ta shiga teku, musamman da damina idan ruwan daji ya sauko da ƙarfi.

Ku tuna da waɗanda suke sauraronku da Hausa a wannan yanki. Mutanen Batanga da aka haifa a bakin teku ba su jira shawarar rediyo ba. Mu ne muke jinku, mu da muka zo daga Garwa da Marwa da Ngaundare da Njamena, har da 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar. Tun da aka kammala bututun man da ya taso daga yankin Doba na ƙasar Chadi ya ƙare a Kribi a 2003, mai tsawon kilomita 1,070, mutanenmu suka ƙaru a garin, sannan da tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 2018 sai ga direbobin manyan motoci da yaran mota suna kwanaki suna jiran lodin kayan da za su kai arewa. Mafi yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da suka iso. Wanda ya iya iyo a cikinsu a Binuwai ya koya ko a kududdufin bayan gari, inda idan ya gaji zai kama gefe, kuma Hausawa sun riga sun ce ruwa kan ci gwani. Ƙari a kan haka, mu ba ma tuɓe kaya a bainar jama'a, kuma ina alfahari da hakan, amma dole a faɗa wa mutane cewa doguwar riga da wando mai kauri, ko zane da hijabi, idan suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafafu, mai sanye da su ba ya iya motsi yadda yake so.

Ba daga littafi nake wannan magana ba. Wata ƙaramar Sallah, bayan la'asar, ina zaune da iyalina a ƙarƙashin itatuwa sai muka ji ihu. Wasu yaran mota ne daga arewa suka zo tare, ɗaya daga cikinsu, saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, ya shiga da wandonsa da rigarsa a wurin da ya ga babu igiya. Ruwan bai wuce ƙirjinsa ba lokacin da ya fara jansa. Ya yi ta ƙoƙarin dawowa gaɓa kai tsaye, ruwa na mai da shi baya, har ƙarfinsa ya ƙare muna kallo. Abokinsa ya faɗa ruwan don ya cece shi, shi ma ruwan ya tafi da shi, da ƙyar wasu masunta suka tura kwale-kwale suka kamo na biyun yana numfashi sama-sama. Na farkon kuwa sai washegari teku ya fito da gawarsa a nesa da inda ya shiga. Mu muka yi masa wanka, muka sallace shi, muka binne shi a garin da bai san kowa ba, kuma ina tsaye a wurin lokacin da maigidansa ya buga waya ya gaya wa mahaifiyarsa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Na san kowa da ajalinsa, amma addini bai ce mu jefa kanmu cikin halaka ba, balle mu tura 'ya'yan mutane da bakinmu ta gidan rediyo. Ranar ma ruwan a kwance yake, kuma ban ga wani ma'aikacin ceto a gaɓar ba, kamar yadda ban taɓa ganinsa ba a duk zuwan da nake yi.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne, a duk tsawon rahoton mutum ɗaya wakilinku ya yi hira da shi, wani mai masaukin baƙi, wanda abincinsa ya dogara ga zuwan mutane, kuma ba zai taɓa cewa wurin yana da haɗari ba. Ga masunta nan zaune a kan rairayi suna gyaran tarunsu, kowannensu zai iya nuna masa da yatsa inda ake shiga da inda ba a shiga, da lokacin da ruwa zai juya, amma bai tambayi ko ɗaya ba. A ƙasarmu baƙo ba ya tsallaka kogi sai ya ji ta bakin Sarkin Ruwa, to don me za a zo teku a yi watsi da masu ruwan?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da kaso mai yawa a cikinsu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan musiba. Minti biyu sun ishe ku ku faɗi abin da zai amfani mutane. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce inda ruwa ya kai masa gwiwa. Yaro kada ya yi nisan da hannun babba ba zai kai gare shi ba, kuma kifin ya jira ko a kawo shi inda yaran suke. Wanda ya ji ruwa na jansa kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya yi kira, in ya iya iyo ya bi gefe, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan sannan ya nufo tudu. Wanda ke gaɓa kuma kada ya faɗa da hannu banza, ya jefa jarka ko igiya ko gora, ya kira masu kwale-kwale.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da cewa maimaicin wannan shiri da kuka mayar daidai lokacin sallar magariba bai yi mana daɗi ba, domin yawancinmu muna masallaci a lokacin, kuma da can bayan isha'i kuke sa shi kowa ya ji. Ku mayar mana da shi inda yake.

Ina sa ran jin gyaran a shirinku na Asabar mai zuwa, daga bakin wakilin da ya yi maganar, kuma ku sake maimaita shi a makon Sallah kafin matasa su fita. Idan kuna bukatar wanda zai raka shi wurin masuntan Londji ya ji daga bakinsu, ni zan kai shi da kaina, kuma zan samo masa tafinta.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Kribi, Jamhuriyar Kamaru.