Alama Mai Ruwan Ɗorawa a Device Manager Ba Ta Nufin Kwamfuta Ta Mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinku na fasahar zamani domin in yi bayani kan wata matsala da ke jawo wa masu kwamfutar tebur asarar kuɗi babu gaira babu dalili, wato kuskuren direban cifset da ke fitowa bayan an sake ɗora Windows (direba ita ce ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani sashe na kwamfuta).

A watan jiya ne ɗaya daga cikin kwamfutocin shagonmu na buga takardu, Dell OptiPlex 7040 da muka saya ta hannu, ta yi nauyin da ya sa na kai ta wurin wani mai gyara, shi kuma ya yi mata fomatin ya ɗora Windows 10 daga filashinsa ba tare da ya haɗa ta da intanet ba. Da muka buɗe Device Manager, wato wurin da Windows ke jera sunayen sassan kwamfuta, sai muka tarar da alamu masu ruwan ɗorawa kuma masu kusurwa uku a kan wasu sunaye, daga ciki akwai SM Bus Controller da PCI Simple Communications Controller. Mai gyaran ya gwada wani direba da ke cikin tarin da yake yawo da shi, manhajar ta ƙi hawa, ta ce injin bai cika sharuɗɗan da take buƙata ba, nan take ya yanke hukunci cewa bod ɗin, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, ya fara lalacewa, in shirya kuɗin wani. Ban yi masa musu ba, na dai ɗauko kayana na dawo shago.

Cifset shi ne ɓangaren bod da ke daidaita zirga-zirgar bayanai tsakanin furosesa da sauran sassa, kamar ramukan USB da ma'ajiyar bayanai da katin sauti da na intanet. Idan aka goge Windows aka ɗora sabuwa, takan zo da direbobi na gama-gari waɗanda za su ishe ta tashi, amma ba lallai ne ta gane kowane ƙaramin sashe da sunansa ba. Duk sashen da ba ta gane ba sai ta sa masa waccan alama, kuma idan mutum ya danna kansa sau biyu zai ga an rubuta Code 28, wanda ma'anarsa kawai ita ce ba a ɗora wa sashen direba ba. A ganina ma fitowar alamar shaida ce cewa sashen yana raye, domin sai da ya amsa kira Windows ta san da zamansa.

Abin da ya warware mini matsalar, wanda kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne karanta lambar shaidar sashen kafin a nemo masa komai. A cikin Device Manager, idan aka buɗe Properties na sashen mai alamar, aka shiga Details, aka zaɓi Hardware Ids, za a ga wani dogon rubutu da ke ɗauke da VEN da kuma DEV. Haruffa huɗun da ke bin VEN suna nuna kamfanin da ya ƙera sashen: 8086 na Intel ne, 1022 na AMD, 10EC kuma na Realtek.  Huɗun da ke bin DEV kuwa su ne ke fayyace ainihin sashen. Tawa ta nuna 8086 da A123, wanda ya tabbatar mini cewa cifset ɗin Intel ne na zamanin furosesa ƙarni na shida, saboda haka duk wani direba da aka yi wa wani zamani ko wani kamfani dole ne ya ƙi hawa, kamar yadda na mai gyaran ya ƙi.

Daga nan aikin bai ɗauki sa'a guda ba. Na shiga shafin tallafi na Dell, na rubuta lambar Service Tag mai haruffa bakwai da ke manne a jikin akwatin, na sauko da Intel Chipset Device Software na ɗora shi da farko, na kashe injin na sake kunnawa, sannan na ɗora direban Intel Management Engine, wanda shi ne ke ɓoye a bayan sunan PCI Simple Communications Controller. Sauran alamun kuma Windows Update ta share su bayan na haɗa injin da intanet. Wanda ba shi da igiyar intanet ko katin intanet mai aiki zai iya jona wayarsa ta hannu da igiyar USB ya ara wa kwamfutar data na ɗan lokaci.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan manhaja ta Intel ba ta ƙara wa kwamfuta gudu yadda wasu ke zato, domin yawancin abin da ke cikinta fayiloli ne na INF da ke sanar da Windows sunayen sassa. Lamarin AMD ya ɗan bambanta, saboda kunshinsu yana ɗauke da direbobi na zahiri, kuma shi ne ya yi suna wajen tsayawa da kuskure mai lamba 1603. Wanda ya gamu da wannan ya fara cire tsohon kunshin gaba ɗaya, ya sake kunna injin, ya bar Windows ta kammala sabunta kanta, sannan ya buɗe sabon da ikon Administrator.

Ina jin tsoron matsalar za ta ƙaru, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali injuna irin nawa ba sa cikin jerin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11, don haka jama'a za su yi ta gogewa suna gwada wannan da wancan. Roƙona ga 'yan'uwa masu gyara shi ne su riƙa kwashe direbobin da ke kan injin kafin su yi masa fomatin. Windows tana da umarnin pnputil /export-driver da ke kwafe su cikin filashi a 'yan mintoci, kuma bayan an gama ɗorawa sai a nuna wa Device Manager wannan babban fayil ɗin ya zaɓi abin da yake nema da kansa. Haka kuma ina shawartar masu kwamfuta su guji manhajojin da ke alkawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya, domin wasunsu kan shigo da tallace-tallace da tarkacen da ba a nema ba.

Kwamfutar da aka ce bod ɗinta ya lalace tana nan tana buga takardu a shago har zuwa yau da nake rubuta maka wannan wasiƙa, kuma idan shafinku zai ware mako guda ya nuna wa masu karatu hoton inda ake samun Hardware Ids, na tabbata da yawa za su amfana.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Mai shagon buga takardu, Zariya