Kafin a ƙirga kujeru, a fara nuna mana filin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na wasanni na daren Asabar ya ɓata min rai, kuma gara in faɗa muku ba ɓoye-ɓoye. Sa'a guda cur baƙinku biyu suna ja-in-ja a kan ko sabon filin ƙwallon da ake ta kiran a gina wa Kano ya ɗauki mutum 40,000 ko 60,000, mai gabatarwa yana zuga su, masu bugo waya kowa yana ƙara tasa lambar. Ba wanda ya tambayi inda za a kafa shi, ko hekta nawa ake da ita a hannu, ko ta wace hanya jama'a za su zo su koma. Da ɗayansu ya ce ai sai a rushe na Ƙofar Mata, wato filin Sani Abacha, a tayar da babba a gurbinsa, maimakon a taka masa birki sai na ji ana cewa madalla.

Madalla da me? Filin Sani Abacha yana ɗaukar mutum kusan 16,000. Ba raina shi nake ba, a cikinsa aka buga wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma ku dubi maƙwabtansa: filin Idi, Asibitin Murtala, marinar Ƙofar Mata, ga Kwari da Wambai ba nisa, ga titin IBB da ko ba wasa a cike yake. Ranar da Kano Pillars, Masu Gida, ke da babban wasa kowa ya san yadda wurin yake tsayawa cak. To a ninka jama'ar nan kusan sau huɗu, sannan a gaya min ta inda motar ɗaukar marasa lafiya za ta bi da mai naƙuda ƙarfe shida na yamma.

Ga lissafin da ya kamata a ce an yi a shirin. Filin da ake taka leda a kai mita 105 ne a tsayi, 68 a faɗi, in an haɗa da gefe da bayan raga ya kai kamar 125 da 85. Wannan shi ne ƙaramin abu. Ginin da zai zaunar da mutum 60,000 zai ci hekta 6 zuwa 8. Wurin ajiye motoci shi ne mai cin ƙasa: FIFA ta ba da shawarar wurin mota 10,000 da bas kusan 500 ga filin mai wannan girma, kuma kowace mota da hanyar juyawarta tana cin murabba'in mita 25, wato hekta 25 ke nan. A ce mu rage, tunda yawancin 'yan kallonmu ba da mota suke zuwa ba. Duk da haka ko da 'yan kallo 30,000 ne kawai, in rabinsu suka zo a A Daidaita Sahu, huɗu-huɗu, sawu 3,750 ke nan, kuma dukansu a cikin sa'a ɗaya suke son sauka, a cikin rabin sa'a suke son tafiya. Suna buƙatar tasharsu daban, da mashiga daban da mafita daban, ban da rumfar babura. A ƙara filayen atisaye biyu, da farfajiyar da ke tsakanin katangar waje da ginin inda ake binciken mutane, da hanyar motar kashe gobara da za ta zagaye ginin. Abin da bai kai hekta 40 ba wasa ne. Ga wanda ya fi gane fuloti, hekta ɗaya ta kai fuloti 21 na ƙafa 50 da 100, don haka ana maganar fuloti sama da 800. A Ƙofar Mata a ina za a samo su?

Batun ƙofofi ma a kan ƙasa yake komawa, kuma shi ne na rai da mutuwa. Ƙa'idar da ake bi a Ingila, wadda masu zanen filaye a ƙasashe da yawa suke aro, ta ce ƙofar shiga mai juyawa ɗaya tana wuce da mutum 660 a sa'a. Mutum 30,000 suna buƙatar irinta 46 in ana so su shiga cikin sa'a guda, 60,000 kuwa sai 91. Wajen fita, ana so kowa ya bar wurin zamansa ya shiga hanyar fita cikin minti 8. Mita ɗaya ta faɗin hanya tana fitar da mutum 82 a minti in ƙasa a shimfiɗe take, 66 in matakala ce. Ku buga: mutum 60,000 suna buƙatar ƙofofin da jimillar faɗinsu ta haura mita 90. Kuma ƙofar da ta buɗe ta zubo jama'a a kan kwalta ko a jikin shaguna ba ƙofa ba ce, dole a bayanta akwai sarari da zai haɗiye su. A Akara ta Ghana ranar 9 ga Mayun 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, an harba barkonon tsohuwa ƙofofi suna rufe, mutum sama da 120 suka rasu. A Yawunde ta Kamaru a Janairun 2022, sabon fili ne fil na Olembe mai kujera 60,000, amma turmutsutsu a ƙofa ɗaya ya kashe mutum takwas. Allah Ya kiyaye, amma kiyayewar tana son a ba ta fili.

Inda ya dace, a ganina, shi ne wurin da ya jingina da baifas, ta gabas ko ta yamma, yadda ɗan Hotoro da Mariri, da ɗan Kurna da Dawanau, da baƙon da ya taso daga Zariya ko Katsina, za su iso ba tare da sun ratsa tsakiyar birni ba. Ya kasance yana da manyan tituna aƙalla biyu ta fuskoki daban, don in ɗaya ya toshe ɗayan ya yi aiki. Kada kuma a wuce gona da iri a kai shi daji. In kuɗin motar zuwa da dawowa ya fi kuɗin tikiti, ɗan Fagge zai yi zamansa a gidan kallo ya kalli na Turai, a bar Pillars da kujeru. A nisanci hanyar saukar jirage ta filin jirgin Malam Aminu Kano, domin turakun fitilu sukan kai mita 40 zuwa 50. A nisanci fadama, kuma don Allah a nisanci kududdufin da aka cike da shara, komai arharsa. Irin wannan ƙasa tana zama a hankali, ba kuma daidai take zama ba, bayan damina biyu ko uku sai ka ga dakalin zama ya tsage, magudana ta karye a ƙarƙashin ciyawa. Kafin a sa hannu a kan kowace takarda a haƙa ramukan gwajin ƙasa a wurare da dama, a ga ƙarfinta da zurfin ruwanta.

Ruwa ma tambaya ce ta wuri. Fili mai mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne. A watan Afrilu ciyawa, ko da kiri-kiri ce mai juriya, tana shan kamar milimita 7 a rana, wato lita 50,000 kullum, ban da filayen atisaye da banɗakuna. Yawancin Kano a kan dutse take, rijiyar burtsatse a wata unguwa ta yi ambaliya, a wata ta ƙafe kafin azahar. In ba a gwada ruwan wurin ba, tanka za a dinga saye har a gaji a bar ciyawar ta mutu. Ciyawar roba ba ta raba gardama ba, domin a zafin Kano ƙuna take yi, ita ma sai an jiƙa ta kafin wasa, kuma tana da shekarun da za ta yi a sauya ta.

Sannan fuskar filin. Wasanninmu ƙarfe huɗu ake take su, rana ta karkata yamma. Ragogin dole su kasance kudu da arewa, in ba haka ba gola ɗaya zai yi rabin wasa yana kallon rana. Babbar rumfa a yamma, ta ba rana baya. Rufin kuma a ɗaure shi da sanin cewa guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, kai tsaye za ta shiga ƙarƙashinsa ta nemi ɗaga shi. Filin da siffarsa ba ta ba da damar wannan juyi ba, a bar shi. Kuma tunda ana shiga da La'asar a fito gab da Magariba, masallaci da famfunan alwala masu yawa a farfajiya ba ado ba ne, in babu su a bakin ƙofa za a yi sahu a tare hanya.

Girman kuwa, ku daina ruɗar mutane da 60,000. Filin Moshood Abiola na Abuja mai wannan girma an gina shi don wasannin Afirka na 2003, sau nawa ya cika tun daga lokacin, sau nawa aka sake masa ciyawa? Na Uyo 30,000 ne, an buɗe shi a 2014, kuma can Super Eagles suka fi buga wasanninsu na gida a 'yan shekarun nan. Kowace kujera da ba a zauna ba sai an share ta, an gyara ta, an biya mai gadinta. Abin da ya dace da Kano shi ne a mallaki ƙasar da za ta isa filin kujera 60,000 yau, a gina na 30,000. Duk wanda ya taɓa gini a garin nan ya san yadda ake barin rodi a tsaye a saman rufin kankare don benen da za a ɗora in hali ya yi, kuma ya san tun daga fandisho ake yanke wannan shawara. Haka filin wasa yake. Zagayen ƙasa a gama shi duka, da rumfar yamma. Fandisho da ginshiƙan gabas da na bayan raga a zuba su da ƙarfin ɗaukar hawa na biyu. Bututun ruwa, lambatu, hanyar wayar wuta da ɗakin taransifoma a yi su da girman ƙarshe, domin fasa kankare a sake su ya fi tsada nesa ba kusa ba. A bar aƙalla mita 30 a bayan kowace rumfa babu gini, nan sabbin matakala za su sauka, nan kuma injin ɗaga kaya zai tsaya. Filin Manchester City haka aka yi shi: an gina shi don wasannin Commonwealth na 2002 da hanyar tsere, tun a zane an shirya cire ta, aka cire aka zurfafa filin aka ƙara zagayen kujeru, a 2015 aka sake ɗora wani hawa. Arsenal kuwa gidaje sun kewaye tsohon filinsu na Highbury, babu wurin faɗaɗawa, dole suka tashi a 2006. Hanyar tseren ma ni ban ga dalilin sa ta a sabon fili ba, tana tura mai zama bayan raga nesa da wasa, ga ta Ƙofar Mata nan ai.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙasar da za a ajiye don gobe, domin mun san halinmu. Ranar da aka ji sunan wurin, 'yan awon igiya za su rigayi safiyo isa. Shekara biyar bayan buɗewa wani zai ce wannan sarari a banza yake, a yanka shaguna a jikin katanga don samun kuɗin shiga, shi ke nan faɗaɗawa ta mutu, hanyar gudun ceton rai ma ta mutu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya. A biya manoman wurin haƙƙinsu cikakke tun farko, a fitar da shaidar mallaka guda ɗaya a kan hekta 40 ɗin, a kafa duwatsun iyaka, a zagaye da katanga kafin a aza bulo ɗaya na filin, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, kuma ta sa shi a taswirarta a matsayin wurin da ba a yanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ita ce tambayar da ya kamata mai gabatarwarku ya matsa wa baƙinsa da ita, ba wace jiha za mu fi yawan kujeru ba.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallan maganin gargajiyar da kuke sakawa a tsakiyar shirin, da irin kalaman da mai maganin yake furtawa, bai dace da shirin da yara suke saurare tare da iyayensu ba. Sau uku aka katse baƙo yana tsakiyar magana saboda shi. Ku mayar da shi can dare, ko ku sa a tace shi.

In za ku sake waiwayar batun filin, ku gayyato mai tsara birane da injiniyan gini da wani daga hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta KAROTA, ku shimfiɗa musu taswirar Kano a gabansu, kowa ya ɗora yatsa a inda yake nufi ya faɗi hekta nawa ce a wurin.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano