Daga Guangzhou zuwa Beijing ba tafiyar “je ka dawo” ba ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina sayar da farantan sola da batura a babbar kasuwar Sakkwato, kuma sau uku ke nan ina zuwa Guangzhou sarin kaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda mutanenmu suke ɗaukar China kamar gari guda.

Ana gobe zan tashi, wani dattijo maƙwabcina ya same ni bayan sallar isha'i da ƙullin yaji da hula sabuwa. Ya ce, “Alhaji, tunda China za ka, don Allah ka biya ka duba min yaron nan.” Ɗansa na karatu a Beijing, shekara biyu bai sa shi a ido ba. Na karɓa, don ban iya kallon fuskarsa in ce a'a.

Tsakanin Guangzhou da Beijing akwai kimanin kilomita 1,900 a sama, ya kusa ninka hanyar Sakkwato zuwa Legas sau biyu. Jirgi yana cin awa uku da 'yan mintuna. Amma wannan zaman cikin jirgi ne kawai. Daga Xiaobei, unguwar da yawancinmu muke sauka a Guangzhou, sai ka kama hanyar filin jirgin Baiyun, ka isa da wuri saboda bincike, ka bi layi. In a Daxing aka sauke ka, sabon filin jirgin Beijing da aka buɗe a 2019, akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 kafin tsakiyar birni. Na bar masauki bayan asuba, ban riƙe hannun yaron ba sai da azahar ta yi nisa. Ya buɗe ƙullin ya shinshina yajin, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi ban yi da-na-sanin zuwa ba, sai dai kwana biyu sun fita daga cikin goman da na ware, kuma wata masana'antar batura ban samu leƙa ta ba.

Dawowa jirgin ƙasa mai gudu na shiga, layin da aka kammala a Disamban 2012. Awa takwas ne, ga wurin miƙe ƙafa.

Sai maganar agogo. China duk faɗinta lokaci ɗaya take amfani da shi, tana gabanmu da awa bakwai. Mai wucewa Seoul ko Tokyo kuma ya ƙara awa guda, kada lokacin sauka da ke jikin tikiti ya ruɗe shi.

Roƙona, Malam Edita, kafin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Oktoba ku ware ɗan fili ku buga nisan waɗannan birane da awannin tafiyarsu da Hausa. Yaranmu da yawa suna shirin fitarsu ta farko, kuma jarin da ke hannunsu na 'yan uwa ne aka harhaɗa musu.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Unguwar Mabera, Sakkwato.