A riƙa tambayar makin gini kafin a kama haya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan tsarin da ke bai wa masu manyan gine-ginen kasuwanci, irin su ofisoshi da otal-otal da kantuna, damar auna makamashin da gininsu ke ci, su kwatanta shi da na takwarorinsa, sannan su liƙa shaidar sakamakon a bakin ƙofa bisa raɗin kansu.

A Amurka, hukumar kare muhalli ta EPA ta fara bai wa gine-gine tambarin Energy Star, wato shaidar tsimin makamashi, a shekarar 1999. Mai gini zai shigar da abin da ya sha na wuta da gas cikin wata 12 a manhajar Portfolio Manager, haɗe da faɗin ginin da sa'o'in aiki da yawan ma'aikata, ita kuma ta duba zafi ko sanyin yankin ta fitar da maki daga 1 zuwa 100. Maki 50 na nufin tsaka-tsaki, sai wanda ya kai 75 ke samun tambari bayan ƙwararre mai lasisi ya tantance, kuma duk shekara ake sabuntawa. Abin da ya sa na amince da wannan awo shi ne da abin da mita ta nuna ake aiki. Na'urar sanyaya ɗaki da ke ruri da ƙarfe goma na dare a benen da babu kowa, da fitilun da aka bari a kunne ranar hutu, duk sai sun ja makin ƙasa.

Damuwata ita ce wanda gininsa ya ci 85 zai rataye tambari, wanda ya ci 30 kuwa zai yi gum, alhali a wurinsa ɓarnar take. Ga shi kuma sau da yawa mai gini ne zai biya kuɗin gyara, ɗan haya ke biyan kuɗin wuta, don haka babu mai gaggawa. Ostireliya ta fara da tsarin NABERS, mai bai wa gini taurari gwargwadon tsimin makamashinsa, a matsayin na ganin dama, amma a 2010 ta wajabta bayyana sakamako ga mai sayarwa ko ba da hayar ofis da ya kai murabba'in mita 2,000, a 2017 ta sauko da shi zuwa 1,000.

Ina goyon bayan a fara da ganin dama, domin a lokacin ne ake horar da masu tantancewa, ake kuma tara alƙaluman kwatantawa. To amma tilas kamfanoni masu kama haya, da bankunan da ke ba da rancen gini, da ma'aikatun gwamnati, su riƙa neman makin tun kafin a zauna ciniki, su kuma sanya shi cikin sharuɗɗan yarjejeniyar haya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku