Wasiƙa daga Garwa kan batun yaronmu

Aminina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya zafin Anjamena? Mu nan ruwan Binuwai ya ja baya, ko da dare iska ba ta motsi.

Na ga saƙonka kan yaronmu. Ka ce ya yaga takardarsa saboda 18 cikin 20 ya ci, yana gyara wa malami kuskure a gaban aji, da dare kuma ya hana uwarsa barci da tambayar mutuwa. Gwaggonsa ta ce a kai shi ruƙiyya, kai kuma har ka ɗauko bulala. Don Allah ka ajiye ta.

Na koyar da irinsa, yaro mai kaifin basira, a ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare. Shekara 9, ƙwaƙwalwa ta ɗan 14, zuciya kuwa tana nan a 9 ɗinta. Sarai yake gane labarin yaƙin Sudan da ya ji a rediyo, amma ƙirjinsa bai isa ɗauka ba, sai abin ya fito a kuka ko faɗa. Ajinmu yara sun kusa ɗari. In ya gama lissafinsa kafin a gama raba alli, me zai yi? Sai tsokana. Sa'o'insa ba sa gane hirarsa, manya kuma su ce ya cika iyayi.

Basirar ba cuta ba ce. Lewis Terman, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fara bin yara kusan 1,500 masu kaifin ƙwaƙwalwa a Kalifoniya a 1921, akasarinsu lafiya lau suka girma. A ganina zaman banza da kaɗaici ke karya su, sai kuma mu iyaye da ba ma yabon komai sai maki, har yaro ya ɗauka 20 ce kaɗai ke sa a so shi.

Masu gwajin basira sukan sa iyakar kaifin basira a maki 130 na ma'aunin IQ, kusan yara 2 cikin 100 ke kaiwa nan. In ka samu likitan ƙwaƙwalwa a duba shi, don wani lokacin wata matsala ce ke ɓoye a ƙarƙashi. Tsallake aji ban cika so ba, sai in shi ya nema. Gara ka kai shi shagon mai gyaran waya ko wajen dattawa masu dara, inda za a cinye shi, ya ga ba a mutuwa.

Amma in ya daina cin abinci, ko ya fara cewa gara ya mutu, ku tafi asibiti a ranar.

Turo mini shi babban hutu. A gaishe da uwargida.

Naka har kullum,
Amininka na Garwa